Inda sabon shiga ke zubar da kuɗinsa a teburin kiraps

A gidajen cacar Las Vegas babu teburin da ya kai na kiraps hayaniya. Mutane ne tsaitsaye kewaye da dogon tebur mai zurfi kamar kwami, ɗaya yana jefa dayis biyu irin na lido, saura suna ta ihu. Tushen wasan wata tsohuwar cacar Ingila ce, ya bunƙasa a New Orleans a ƙarni na 19, ya kuma samu wurin zama da jihar Nevada ta halatta caca a 1931. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ba sai na maimaita ba. Lissafin wasan nake son mu duba, don a nan ake cinye wanda bai san dawan garin ba.

Ga yadda yake. A jifar farko, wanda ya sa kuɗi a layin fas, wato gurbin babbar cacar da aka zana a gefen tebur, ya ci in jimillar dayis biyun ta ba da 7 ko 11, an cinye shi in 2, 3 ko 12 ce. In kuwa 4, 5, 6, 8, 9 ko 10 ta fito, ta zama lambar nema, sai dila ya juya wani ɗan faifai zuwa farin gefensa ya ɗora a kanta. Daga nan in lambar ta dawo kafin 7 ka ci, in 7 ta riga ta kuɗinka sun tafi.

Tun a nan ake fara tuntuɓe. Baƙo ya iso ana tsakiyar wasa, ya ajiye kuɗi a layin fas bai kalli faifan ba. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, kuma shida daga ciki 7 ce, ta fi kowace lamba. A jifar farko hanya takwas ce ta ci, huɗu ta faɗuwa, wato nan ne kaɗai gaɓar da mai layin fas ke da rinjaye. Wanda ya shigo bayanta ya bar romon, ya ɗauki ƙashin. A jira faifan ya koma baƙi, alamar za a sake jifar farko.

Babban ramin yana tsakiyar tebur, gaban mai sandan da ke janyo dayis yana tallar caca kamar ɗan kamasho a tasha. Duk abin da ya fi ɗaga murya a kansa shi ya fi tsada. Cacar cewa 7 za ta fito a jifa mai zuwa ana biyanta ninki 4, alhali adalci ninki 5 ne, don haka rabon gida, wato abin da gidan caca ke ci a lissafi daga kuɗin da aka sa, kashi 16.67 ne cikin ɗari. Cewa 8 za ta zo da 4 da 4 kafin ta zo ta wata hanya ko 7 ta fito, kashi 9.09. A layin fas kuwa kashi 1.41 ne kacal, a kishiyarsa ta masu bin bayan 7 kashi 1.36. Tebur ɗaya, dayis ɗaya, amma wani yana biyan gida fiye da ninki goma na abin da maƙwabcinsa ke biya.

Cacar da gida ba ya cin ko sisi a kanta kuwa ba a ma zana mata gurbi a tebur ba. Bayan an tsayar da lambar nema, ana iya ajiye ƙarin kuɗi a bayan layin, a biya su daidai da lissafi: 2 kan 1 (ribar dala 2 kan kowace dala 1) a 4 da 10, 3 kan 2 a 5 da 9, 6 kan 5 a 6 da 8. Sabon shiga bai san da ita ba, wanda ya sani kuma yakan ɗauka hanyar arziki ya samu. Ba riba take kawowa ba, ba ta dai ƙara asara a lissafi. Mai dala 30 gara ya sa 10 a layi, 20 a baya, da ya zuba duka a layi.

Akwai kuma ɗan kuskuren canji. Ɗora kuɗi kai tsaye a kan 6 ko 8 ana biyan 7 kan 6, don haka dala 12 ke kawo ribar 14. Ka sa 10, a ba ka 11, ɓurɓushin ya zama na gida.

Wanda ya fi wuyar magani shi ne zaton dayis suna tuna abin da ya wuce. A 2009 Patricia Demauro ta yi jifa 154 a gidan cacar Borgata da ke Atlantic City, sa'a huɗu da minti 18, kafin 7 ta kore ta. A kowace jifa cikinsu, damar fitowar 7 ɗaya ce cikin shida, ba ta ƙaru ba don an daɗe ba a gan ta ba. Daga wannan zaton ne dabarar ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa ta fito: 10, 20, 40, har 640. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye dala 1,270, duk don neman ribar 10, kuma kowane tebur yana da iyakar abin da yake karɓa.

Ladubban wurin ba su da yawa. Da hannu ɗaya ake ɗaukar dayis, a jefa su bugi bangon can ƙarshe. Ba a miƙa wa dila kuɗi hannu da hannu, a kan tebur ake ajiyewa. Kada ka ambaci bakwai ana cikin nema, camfi ne, amma harara za ka sha.

A intanet babu mai harara, babu kuma jiran dila ya biya mutum goma kafin a sake jifa. Saurin nan shi ne tarkon, domin kashi 1.41 a kan kowace caca ake cirewa, kuma a waya sai ka yi ninkin ba ninkin na abin da za ka yi a tsaye. Garaɓasar da shafukan ke bayarwa ma, sau da yawa sharuɗɗanta sun cire kiraps daga wasannin da ake ƙirgawa kafin a bar ka ka cire kuɗin, ko su ƙirga ɗan kaɗan daga abin da ka sa.