Yadda Za Ka Ci Gaba da Tara Littattafan Kwamik a Amurka Ba Tare da Katin Bashi Ya Cinye Ka Ba

A Amurka ranar Laraba ce galibin sababbin littattafan kwamik, wato labaran da ake ba da su cikin zane irin na Superman da Batman da X-Men, suke isowa shaguna, kuma a ranar ce mai tara su yake fitowa da leda a hannu bai san nawa ya kashe ba, domin da katin bashi ya biya. Na yi shekaru a cikin wannan sahu, na kuma ga sababbin shiga da yawa sun faɗa ramin da na faɗa. Ba zan tsaya koya maka yadda ake sa littafi cikin leda da kwali ba, kowane mai shago zai nuna maka wannan cikin minti biyu. Wanda ya saba da katin banki irin na gida, wanda kuɗin da ke asusunka kaɗai yake fitarwa, ya kamata ya fara sanin cewa katin bashi kuɗin banki ne ake ara maka, kuma kuɗin ruwan da ake ɗorawa a kansa a shekarun nan ya kan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Abu na farko shi ne ka san adadin. Ka ɗauko takardun bayanin katin na watanni uku da suka wuce, ka bi su layi-layi da biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya shafi kwamik: shago, kasuwar intanet ta eBay, kuɗin aikowa, leda da kwali, akwatunan ajiya, har da tikitin shiga taron baje koli. Yawancin mutane farashin littafin kawai suke ƙirgawa, su manta da sauran, alhali sauran ne suke ci a ɓoye. Sannan ka nemo ɗan akwatin nan da dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankunan Amurka su buga a kowace takarda, wanda yake nuna tsawon lokacin da za ka ɗauka kafin ka gama biya idan mafi ƙarancin abin da aka nema kaɗai kake bayarwa, da kuma abin da za ka riƙa biya duk wata idan kana so ka fita cikin shekara uku. Lamba ta biyun nan ita ce taka, ka rubuta ta inda za ka riƙa ganinta.

Mataki na biyu shi ne wanda ya kayar da ni, don haka zan daɗe a kansa. Muddin katin yana bin ka ko da dala ɗaya daga watan da ya wuce, ka daina sayen komai da shi, ko littafi ɗaya. Dalili kuwa shi ne, katin yana da wa'adin sassauci, aƙalla kwana 21 tsakanin ranar da aka fitar da takardar bayani da ranar biya, kuma wanda ya biya duka kafin wa'adin ya cika ba a ɗora masa ko sisi. Ga Musulmin da ke gudun riba, wannan ce kaɗai hanyar riƙe katin ba tare da ya biya ruwa ba, ko da yake akwai malaman da suke ƙyamar yarjejeniyar tun daga tushe saboda sharaɗin ribar da ke cikinta. To amma da zarar ka bar saura ya tsallaka zuwa wani wata, sassaucin ya faɗi, duk sabon abin da ka saya ruwa zai fara hawa kansa tun daga ranar da ka saye shi, kuma kullum ake lissafa shi.

Ni ban san haka ba. Ina biyan dala 200 duk wata ina jin kaina gwarzo, a lokaci guda kuma ina kashe kusan dala 150 da katin nan dai a shago, ina mamakin yadda bashin ya ƙi motsi, ashe ɗiban ruwa nake yi da rariya. Ga lissafin a sarari. Bashin dala 3,000 a kan kashi 24 cikin ɗari yana haifar da kuɗin ruwa na kimanin dala 60 a wata, wato farashin littattafai goma sha biyu masu dala 4.99 waɗanda ba ka karanta ba, ba ka kuma riƙe a hannunka ba. Idan kana biyan dala 90 duk wata ba ka ƙara sayen komai, za ka yi sama da shekara huɗu da rabi, ruwan da za ka biya kuwa ya kusa dala 2,000. Idan ka ɗaga zuwa dala 200, cikin wata 18 ka gama, ruwan bai wuce kimanin dala 600 ba. Amma duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa katin yana kwance a aljihun tebur. Ka goge lambarsa daga eBay da PayPal da wayarka, musamman daga manhajojin gwanjon kai tsaye irin su Whatnot, inda ake kaɗa ƙararrawa cikin daƙiƙu kaɗan, mutum ya danna kafin hankalinsa ya iso. Tsare-tsaren nan na biya kashi huɗu irin na Klarna da Afterpay ma ka sa su a layi ɗaya, bashi ne da ya sauya riga. Kuɗin kwamik ya koma takardun kuɗi cikin ambulan, a ciro su sau ɗaya a farkon wata, idan sun ƙare sun ƙare. Ni dala 40 na tsayar, kuma ina ganin wanda ake bi bashi bai kamata ya wuce haka ba.

Daga nan sai jerin ajiyarka na shago, wato sunayen littattafan da ka ce a riƙa ware maka duk lokacin da suka fito. Wannan jeri shi ne bututun da kuɗi ke zurarewa ta cikinsa, domin ƙara suna a ciki abu ne mai sauƙi, cirewa kuwa da kunya. Ka je gida ka duba tulin da ke gefen gado. Duk labarin da fitowa biyu suka taru ba ka buɗe ba, ka soke shi, kada ka ce ai saura kaɗan ya kammala. Ka bar huɗu ko biyar. Sai dai ka yi wa mai shago adalci: ya kan yi odar kayan ne makonni kafin su fito, kuma galibi ba a karɓar masa su idan ba su sayu ba, saboda haka abin da ya riga ya iso da sunanka ka karɓa ka biya, sannan ka gaya masa a fili daga wane wata kake so a daina. Masu shago sun fi son wannan a kan mutumin da zai ɓace ya bar musu jaka cike da kaya. Bango daban-daban na littafi ɗaya kuwa, musamman waɗanda ake ba shago kwafi ɗaya idan ya yi odar 25 ko 50 ko 100, ka haramta wa kanka su har sai bashin ya ƙare, labarin da ke ciki iri ɗaya ne.

A nan ne zuciya za ta ce maka ai wannan jari ne. Kowa ya ji cewa kwafin Action Comics na farko, na 1938, wanda Superman ya fara bayyana a cikinsa kuma aka sayar da shi santi 10 a lokacin, ya kai dala miliyan 6 a gwanjon 2024. Abin da ya ba shi daraja shi ne yara sun karanta nasu sun yayyaga, iyaye sun zubar, 'yan kaɗan suka tsira. A farkon shekarun 1990 mutane sun ɗauka za a maimaita, suka riƙa sayen kwafi biyar-biyar suna ɓoyewa. X-Men na farko na 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8, fitowar mutuwar Superman ta 1992 ma miliyoyi aka buga, kuma da yake kowa ya adana nasa sumul, yau ana samun galibinsu da 'yan daloli kaɗan. Kasuwar ta rushe, dubban shaguna suka rufe, kamfanin Marvel mai buga X-Men da kansa ya shiga kotun fatara a Disambar 1996. Littafin da ka saya da kati sai darajarsa ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk shekara kafin ka fita kunyar kuɗin ruwa kaɗai, balle riba.

Haka ma tura sabon littafi zuwa kamfanin CGC a Florida don a tantance lafiyarsa a rufe shi cikin roba. Maki 9.8 cikin 10 ake nema, kuma ɗan lanƙwasa a gefe ya isa ya sauko da shi 9.4, ka tashi kuɗin tantancewa da na aikawa sun fi ƙimar littafin.

Sayar da wani abu daga cikin akwatunanka yana rage hanya, amma ka duba farashin da aka riga aka sayar a eBay, kada ka bi wanda masu kaya suke nema. Ka cire kason eBay, wanda ya kai kusan kashi 13 cikin ɗari, da kuɗin aikawa, kafin ka fara murna. Shago zai saya nan take amma da rahusa sosai, tunda shi ma riba zai nema. Abin da ya shigo ka tura wa katin a ranar, kada ya kwana a asusunka har Laraba.

Idan katunan sun fi ɗaya, ka biya mafi ƙarancin kowanne, ragowar ka zuba wa wanda ruwansa ya fi tsada. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi don samun ƙwarin gwiwa, ni dai ban yarda da biyan ƙarin ruwa don jin daɗin zuciya ba. Ka sa biyan ya riƙa fita da kansa, saboda tarar jinkiri. Mayar da bashin kan sabon kati mai wa'adin rashin ruwa yana da amfani, ana cire kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a matsayin lada, sharaɗi dai ka raba bashin da yawan watannin ka gama kafin wa'adin ya cika. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka nemi masu ba da shawarar bashi da ke ƙarƙashin ƙungiyar NFCC, waɗanda ba don riba suke aiki ba. Karatu kuwa ba zai tsaya ba: laburaren gwamnati na unguwarku yana da kundin da aka haɗa fitowa biyar ko shida wuri ɗaya, katinsa kyauta ne, da shi kuma za ka iya karantawa a waya ta manhajar Hoopla ko Libby, sannan Asabar ta farko a watan Mayu shaguna na raba wasu littattafai kyauta.