Yadda Za Ka Saurari Waƙar 'O Sole Mio Har Ka Gane Abin Da Take Cewa

Mutane da yawa sun san karin wannan waƙa ta birnin Napoli da ke kudancin Italiya ba tare da sanin maganar da ke cikinta ba, domin galibi ana jin ta ne daga bakin mawaƙan opera waɗanda ƙarfin muryarsu yake rufe baitocin. Saboda haka, kafin ka kunna ta, ka fara neman fassarar baitocinta, kuma ka tabbatar daga harshen mutanen Napoli aka yi fassarar, domin da shi Giovanni Capurro ya rubuta ta a shekarar 1898, ba da daidaitaccen Italiyanci ba. Eduardo di Capua ne ya sa mata kiɗa.

Idan ka samu fassarar, ka lura baitoci uku ne da amshi ɗaya. Na farko yana yabon hasken rana bayan an ɗauke ruwan sama iska ta yi sanyi, amshin kuma yana cewa akwai wata rana da ta fi wannan kyau, wato fuskar masoyiya. Baiti na biyu shi ne ya cancanci ka dakata a kansa, kuma shi ne mawaƙa suka fi tsallakewa: gilasan tagar masoyiya suna ƙyalli, wata mai wanki tana matse tufafi tana shanyawa tana waƙa. A ganina nan ne ainihin Napoli ya bayyana, unguwar talakawa da hidimarsu ta yau da kullum, kuma wanda bai ji wannan baiti ba ya ji rabin waƙar ne kawai. A na uku dare ya yi, mawaƙin ya shiga damuwa, yana so ya tsaya a ƙarƙashin tagarta.

Daga nan sai ka saurare ta bisa tsarin shekaru. Ka fara da faifan Enrico Caruso na 1916, wanda shi kansa ɗan Napoli ne, ka yi haƙuri da ƙarar tsohon faifai, ka kasa kunne ga yadda yake furta kalmomin. Sannan ka koma ga Luciano Pavarotti, musamman wasan da suka yi da Plácido Domingo da José Carreras a Roma a 1990, inda waƙar ta zama fagen gwada tsawon numfashi. Abin yana burgewa, amma ya kamata ka nemi wanda ya rera ta a hankali da jita ko mandolin (wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya) kaɗai, domin a nan ne za ka ji cewa zancen saurayi ne da budurwarsa.

Bayan haka ka bi sawun karinta a wajen Italiya. Shi ne Aaron Schroeder da Wally Gold suka ɗora wa sababbin kalmomin Turanci a waƙar It's Now or Never da Elvis Presley ya rera a 1960, kuma baitocinsu ba fassarar na Capurro ba ne.

Idan kana da niyyar amfani da kiɗan a wani aiki na kasuwanci, ka bincika haƙƙin mallaka tukuna. A 2002 wata kotu a birnin Torino na Italiya ta amince cewa wani mai tsara kiɗa, Alfredo Mazzucchi, yana da hannu a tsara kiɗan, kuma tunda a 1972 ya rasu, kariyar kiɗan a Italiya za ta kai har 2042.