Darasi na 9: Idan Mai Ya Shiga Rijiya

Kalmomin darasi: yoyo, tanki, esansi, gazuwal, baƙin mai, samfur, awo.

A Maraɗi mai ba ya nesa da kowa. Ga gidajen mai a bakin titi, ga masu sayar da esansi a kwalabe, ga gareji inda ƴan kabu-kabu ke juye baƙin mai, ga injinan ban-ruwa a garake na bakin Gulbi. Wani man daga matatar SORAZ ta Damagaram yake zuwa, wadda ta fara aiki a 2011, wani kuma daga Najeriya ta hanyar garin Ɗan Isa. Ko daga ina ya fito, idan ya zuba ƙasa ba ɓacewa yake yi ba.

Ƙasarmu yawancinta rairayi ce, rairayi kuwa ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Man zai yi ta nutsewa har ya tarar da ruwan da ke ƙarƙashi. Da yake ya fi ruwa sauƙi, sai ya kwanta a kansa. Wani ɓangare ya narke ya bi ruwan, a hankali, har rijiyar maƙwabci. A fadama, inda ba a yin nisa da haƙa ake cim ma ruwa, abin ya fi sauri. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tankin da aka binne: yana iya shekaru yana yoyo, ba wanda ya gani.

A cikin esansi akwai wani sinadari mai suna benzin, wanda ke jawo kansar jini idan an daɗe ana shan sa ko shaƙar sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 10 a cikin lita miliyan ɗaya ta ruwan sha. Ku kwatanta: kamar cokalin shayi biyu ne a cikin tano 5,000. A ƙasar Ogoni ta Najeriya, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900, mutane kuma na sha.

Binciken farko ba ya bukatar na'ura. Ku ja guga tun da asuba, kafin kowa ya taɓa rijiyar. Ku cika kwalba mai tsabta zuwa rabi, ku toshe, ku girgiza, sannan ku buɗe ku sansana. Kada a ɗanɗana. Sauran ruwan a zuba a kwano a kai hasken rana. Idan kun ga wani maiƙo mai launin bakan-gizo a sama, ku tsaga shi da tsinke. In ya farfashe gutsi-gutsi ya tsaya haka, galibi tsatsar ƙasa ce. In ya sake haɗewa nan take, mai ne. Ku duba kewaye kuma: ƙasa ta yi baƙi tana danƙo? Ciyawa ta bushe a wuri ɗaya alhali ta gefe shar take?

Amma hanci yana da iyaka. Ruwa na iya zama garau, babu wari, ga guba a ciki.

Nan karatunku zai yi amfani. Ku samu littafi guda na rijiyar. Sau ɗaya a wata a rubuta rana, wari, launi, da tsawon igiyar da ta kai ga ruwa. Kada a tsallake damina, domin idan ruwan ƙasa ya hau yakan tarar da man da ya maƙale a sama ya kwaso shi. Rijiyar da ta yi lafiya da rani tana iya wari a watan Agusta. Wanda ya je gaban hukuma da littafin wata shida, maganarsa ta fi ta wanda ya je da "ai mun ji wari".

Idan alama ta bayyana, a daina sha, a daina girki da shi, a hana dabbobi. Tafasawa ba abin dogaro ba ce, alif da ruwan Javel kuma ba sa cire mai. Kada kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, kada a leƙa da ashana ko taba. Tururin esansi ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, yana shaƙe mutum, yana kama wuta. A sanar da mai unguwa, a kai magana ofishin magajin gari da ma'aikatar ruwa da ta muhalli.

Su ma'aikata sukan haƙa ƴan ramuka su ɗebi ƙasa daga zurfi dabam-dabam. Sukan kafa siraran rijiyoyin awo, aƙalla uku, wata ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, sauran ta inda ya nufa. Da haka ake gane tushen yoyon da nisan da ya ci. Samfur a kwalbar gilashi ake ɗaukarsa, a cika ta maƙil ba iska, a sa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin awo. Ku nemi a ba ku sakamakon a rubuce, ku tambayi ranar da za a sake awo, don awo ɗaya ba ya nuna ko abin gaba yake yi ko baya.

Aikin gida: ku zana taswirar unguwarku, ku sa alamar kowace rijiya da kowane wurin da ake ajiye mai ko juye shi. Ku ƙirga taku nawa ne tsakaninsu, ku rubuta. Lissafi: idan tanki na ɗigar da lita 2 kullum, lita nawa ta shiga ƙasa a kwana 365?