Yadda za ka zaɓi rumbun bayanai na saye don sabar shafinka, wato na'urar da ke ɗauke da shafinka na intanet

Kafin ka tambayi farashi, auna kayanka. Shagon atamfa a babbar kasuwar Maraɗi mai kaya kala dubu biyar da wuya bayanansa su kai gigabait ɗaya a shekara, muddin hotuna suna ajiye a faifai, rumbun yana riƙe da adireshinsu kawai. Irin wannan, SQL Server Express na 2022, manhajar rumbun bayanai, ya ishe shi, kyauta ne har gigabait 10 a kowane rumbu. Oracle ma yana da na kyauta mai ɗaukar gigabait 12. Ga PostgreSQL da MariaDB, ba kuɗin lasisi gaba ɗaya.

In ya zama dole sai na kuɗi, wurin lasisi ake cin mutane. SQL Server Standard ana sayar da shi ko dai bisa yawan masu amfani, ko bisa yawan ƙwayoyin kwakwalwar na'ura. Shafin da kowa ke shiga ba a iya ƙirga mutanensa, don haka na ƙwayoyi za ka saya. Biyu-biyu ake sayar da su, mafi ƙaranci huɗu. In ka hayo saba mai ƙwaya 16 don ka ga haya da araha, lasisi zai bi duk 16 ɗin. Ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka wannan lissafi a takarda, har da kuɗin tallafi na shekara-shekara.

Sai gwaji da bayananka. Shigar da suna mai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, da kalmar Faransanci mai é. In suka dawo da alamar tambaya, tsarin haruffa ne bai dace ba: NVARCHAR za ka sa a SQL Server, AL32UTF8 a Oracle, utf8mb4 a MySQL. Tun farko ake gyara wannan, domin harafin da ya riga ya lalace ba ya dawowa. Gurbin kuɗi kuwa, ka ba shi nau'in lamba DECIMAL, kada FLOAT. Mai ciniki da Katsina ya ware gurbin da ke nuna sefa ce ko naira.

In sabar tana ofis ɗinka, wuta da zafin Afrilu su ne abin tsoro. Saka UPS, wato batirin ko-ta-kwana, da zai kashe na'urar cikin tsari in an ɗauke wuta. A kan na'urar gwaji, zare waya ana tsakiyar rubutu, ka kunna ka ga ko rumbun zai farfaɗo da kansa. Yi kwafin rumbun kullum da dare, a ajiye shi wani wuri daban, kuma duk wata ka mayar da shi kan wata na'ura ka tabbatar yana buɗewa.

Ƙofar sadarwar rumbun, mai lamba 1433 a SQL Server, 1521 a Oracle, kada ta fuskanci intanet. Sabar shafi kaɗai za ka bari ta shiga.