Yadda Za A Nemi Bahasi Kan Aikin Sashen Agajin Gaggawa A Asibitocin Sakkwato

Wanda yake son hukuma ta amsa masa tambaya kan jinkirin da ake samu a sashen agajin gaggawa ya fara da sanin mai asibitin, domin koke da yawa suna ɓacewa ne saboda an kai su ofishin da ba shi da hurumi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na gwamnatin tarayya ne, don haka maganarsa tana bi ta teburin SERVICOM, wato teburin karɓar koke kan yadda ake yi wa jama'a aiki, da ofishin shugaban asibitin zuwa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha kuwa na jiha ne, kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha da kwamitin lafiya na Majalisar Dokoki su ne ke da alhakin amsawa.

Sai kuma a riƙe doka a hannu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, dokar da ta shafe mu ƙwarai ganin yadda ake kawo waɗanda 'yan bindiga suka jikkata daga yankunan Isa da Sabon Birni.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne rubutu. Ɗan jinya ya rubuta ranar da aka iso da ƙarfe nawa, lokacin da ma'aikaciyar jinya ta fara duba majinyaci, lokacin da likita ya zo, da abin da aka ce babu, ko gado ne, ko jini, ko iskar oksijin, ko wutar lantarki. A adana rasit na duk abin da aka saya a waje. Jami'i yana iya kawar da kukan mutum ɗaya da cewa tsautsayi ne, amma idan kwamitin unguwa ko ƙungiyar mata ta tara irin wannan bayani daga gidaje da dama, zai yi wuya a musanta. A kuma kiyaye ɗora laifi kan ma'aikacin da ke bakin aiki shi kaɗai, domin sau da yawa ƙarancin ma'aikata da kayan aiki ya faro ne daga inda ake raba kuɗi.

Daga nan sai a rubuta wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A nemi adadin likitocin da ke kwana a sashen, yawan gadaje, motocin ɗaukar marasa lafiya da ke aiki, da kuɗin da aka ware tare da wanda aka saki a zahiri, tunda abin da ke cikin kasafi daban yake da abin da ya isa asibiti. Kada a bar ofishin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙar.

Idan aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, ko majalisa ta yi zaman sauraron jama'a, a je da takarda mai shafi ɗaya, a zaɓi mutum guda ya yi magana da ladabi, ya gabatar da buƙatu biyu ko uku waɗanda za a iya aunawa. A nemi a faɗi wanda zai aiwatar da kuma ranar da za a kammala. Yana da kyau a tambayi inda aka kwana kan kashi 5 cikin ɗari na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da doka ta keɓe wa agajin gaggawa.

Bayan taron a nemi kwafin abin da aka tsayar, a kai wa ɗan majalisar mazaɓa da hakimi nasu. Idan wa'adin ya wuce ba a ji komai ba, sai a shigar da koke a ofishin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ke Sakkwato, a haɗa da kwafin wasiƙar farko mai hatimi.