Babi na Bakwai: Ɗaure Raƙuminka Kafin Ruwan Agusta

Darasi na 1: Shin shiri yana ɓata tawakkali?

Bara da na kawo wannan babi na shirin ambaliya a aji, na yi maganar adana takardu a leda, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta, leda ce za ta hana shi?" Aji ya kwashe da dariya. Na ce, Baba, ba za ta hana ba. Amma ai kai ma ba ka cinye geronka ranar girbi, a rumbu kake zubawa, kuma ba wanda ya ce imaninka ya yi rauni.

Wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah. Aka ce masa ya ɗaure, sannan ya dogara. Annabi Yusuf ma shawarar da ya bayar a Masar ita ce a tara hatsin shekara bakwai saboda fari mai zuwa.

A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Mutane da yawa daga su sai kayan jikinsu suka fita. A cikinsu akwai limamai da mahaddata. Saboda haka ambaliya ba ta tambayar wa ya fi wani ibada. Mu ɗauko biro.

Darasi na 2: Takardar lambobi

Kusan kowa a cikinku zai ce lambobin 'yan'uwansa suna cikin waya. To, idan wayar ta faɗa ruwa fa? Ko caji ya ƙare? Shi ya sa za mu rubuta su a takarda.

Ka samo farar takarda. Ka zaɓi mutum uku waɗanda ba a unguwarku suke ba, domin ruwan da ya ci gidanka zai iya cin na maƙwabcinka. A hagu ka rubuta suna. A dama ka rubuta lamba.

Ga inda ake tuntuɓe. Lambar waya a Najeriya ƙwaya 11 ce, kuma da sifili take farawa. Sifili shi ne wannan: 0. Kada ka tsallake shi don kana ganin ba komai ba ne, shi ma ƙwaya ce. Ka rubuta huɗun farko, ka bar ɗan fili. Ka rubuta uku, ka bar fili. Ka rubuta huɗun ƙarshe. Huɗu da uku da huɗu, 11 ke nan.

Yanzu ɗora yatsa a kan ta farko, ka ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, har sha ɗaya. Idan ka tsaya a goma, ka bar ɗaya a baya. Ba abin kunya ba ne, hannun da ya shekara 40 yana riƙe fartanya ba zai saba da biro a mako guda ba. Koma ka duba wayar, ƙwaya bayan ƙwaya. An fi yin kuskure inda lamba ta zo sau biyu a jere, kamar 33 ko 00, sai ido ya ga ɗaya kawai. Sake ƙirgawa. Sha ɗaya? Madalla.

Iya, ki lura da 6 da 9. Cikin 6 yana ƙasa, kan 9 yana sama. Idan kika juya su, wani baƙo za ki kira a Legas.

Ba mu gama ba. Ka kife littafin lambobin wayarka, ka kalli takardar kaɗai, ka danna abin da ka rubuta, ka kira. In ɗan'uwanka ya ɗauka, rubutunka ya yi. In ba shi ba ne, koma ka ƙirga.

Na san wasunku za su ce sun ƙirga alhali ba su ƙirga ba. Makon jiya na karɓi takardu, rabin aji lamba goma suka kawo mini, har da wanda ya rantse. Haba jama'a! Lamba mai ƙwaya goma ba ta kiran kowa, ko da kana tsaye cikin ruwa iya wuya. Ku ƙirga. Sha ɗaya.

A ƙasan takardar ka ƙara 112, lambar neman agajin gaggawa. Ita ƙwaya uku ce kawai.

Darasi na 3: Jakar ko-ta-kwana

Ka ninke takardar ka sa a leda tare da katin zaɓe, takardar NIN, takardun haihuwar yara da takardar gida ko gona. Ka ɗaure bakin ledar, ka saka ta cikin wata ledar. Ka haɗa da tocila, maganin da wani a gidan yake sha kullum, da ɗan kuɗi. A rataye jakar a ƙusa kusa da ƙofa. Ba a ƙarƙashin gado ba, nan ruwa yake fara shiga.

Darasi na 4: Ina za mu haɗu?

Ku zaɓi wuri ɗaya a kan tudu, makaranta ko masallaci, ku faɗa wa yara sunansa. Idan rediyo ya kawo gargaɗin NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, ko mai unguwa ya yi shela a tashi, a tashi. Ba a ratsa ruwa mai gudu.

Darasi na 5: Barci

Wata ɗalibarmu ta ce da hadari ya haɗo ba ta iya runtsawa. Hajiya, jakarki tana ƙusa. Ki rage sauraron saƙonnin tsoratarwa na WhatsApp, ki karanta addu'ar da Annabi (SAW) ya yi da ruwa ya yi yawa a Madina: Allahumma hawalaina wa la alaina. Sai ki kwanta.

Aikin gida: a zo da takardar lambobi ranar Asabar. Zan ƙirga da kaina.