Kurakuran da Masu Tara Tsoffin Katunan Duwatsu Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

A cikin Hausawan Makka da Jidda akwai masu sha'awar tara tsoffin katunan wasiƙa masu ɗauke da hoton duwatsu, wasu sun fara ne daga abin da suka tarar a akwatin iyayensu, wasu kuma daga tsintar da suka yi a kasuwar gwanjo ko a shagunan tsoffin kaya na Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Yawancin kurakuran da ake yi a wannan harka tushensu ɗaya ne, wato mai saye yakan tsaya ga kyawun dutsen da ke fuskar kati, alhali shekarun katin da darajarsa a bayansa ake karanta su.

Babban kuskure shi ne yarda da shekarun da mai sayarwa ya faɗa ba tare da an juya katin ba. Ƙasar Ostiriya ce ta fara fitar da katin gidan waya a 1869, kuma shekaru masu yawa bayan haka adireshi kaɗai aka yarda a rubuta a bayan kati, saƙo kuwa sai a matsa shi a gefen hoto. Ingila ta amince a raba bayan da layi a 1902, gefe ɗaya na saƙo ɗaya na adireshi, Jamus ta biyo baya a 1905, Amurka kuma a 1907. Saboda haka duk katin da aka ce na ƙarni na 19 ne, amma ga layi ya ratsa tsakiyar bayansa, maganar ba ta tsaya ba. Sunan ƙasa ma shaida ne: katin dutsen Kilimanjaro da aka buga wa Tanzaniya bai riga 1964 ba, haka nan wanda ke ɗauke da sunan Masarautar Saudiyya bai riga 1932 ba.

Akwai wani ruɗani da ya keɓanta da katunan da aka aika daga Saudiyya, wanda yake kama har waɗanda suka daɗe a harkar. Hatimin gidan waya yakan zo da shekarar Hijira, wani lokaci lambobi biyun ƙarshe kawai, ta yadda wanda ya ga 85 a kan katin Jabalun Nur zai ɗauka 1985 ce, alhali 1385 ake nufi, wadda ta yi daidai da 1965 zuwa 1966. Gyaran shi ne a duba sunan wata da kuma kan sarkin da aka manna kafin a yanke hukunci. A kuma tuna cewa hatimi ranar aikawa yake nunawa, ba ranar bugu ba, domin kati yana iya shekara goma a shago kafin wani alhaji ya saya ya aika gida.

Wasu kuma suna ɗaukar tsufa a matsayin tsada, wanda ba haka abin yake ba. An buga katunan duwatsun Alps na Suwizalan da yawan gaske saboda masu yawon buɗe ido, har kamfanin Photoglob na birnin Zurik ya yi suna da wata dabara ta sa launi a kan hoton baƙi da fari, don haka katin dutsen Matterhorn mai shekara ɗari yana iya zama mai arha ƙwarai. Tsoffin katunan Arfa, da Uhudu, da hanyar Ɗa'ifa sun fi su wahalar samu, musamman irin waɗanda H. A. Mirza da 'ya'yansa suka buga a Delhi a farkon ƙarni na 20. A ganina wanda yake zaune a Hijaz ya fi dacewa ya taƙaita tarinsa ga duwatsun Sarawat, ko ga Jabal Taka na Kasala da Jabal Marra idan asalinsa Sudan ne, maimakon ya riƙa kwasar duk abin da ya gani.

Rarrabe na asali da kwafi ba ya buƙatar komai sai gilashin ƙara girma. Katin da aka wanke kamar hoto ba shi da ɗigo-ɗigo, wanda aka buga da inji kuwa yakan nuna ƙananan ɗigo a jere ko wani irin tsaki-tsaki, kwafin zamani kuma takardarsa fara ce fat, ba ta da alamar shekaru ko a gefuna.

Wajen ajiya ne asara ta fi yawa, kuma galibi da kyakkyawar niyya ake jawo ta. Mun saba kai takardun shaida a rufe su da leda mai zafi, sai wasu suka ɗauka hakan gata ne ga tsohon kati, alhali ledar ba ta sake ɓaruwa, kuma masu saye ba sa ƙara kallon katin da aka yi wa haka. Salatif da gam suna barin tabo mai ruwan ƙasa, albam mai shafi mai danƙo shi ma haka, ledar PVC mai taushi kuwa tana fitar da maiƙon da ke cin tawada. Abin da ya dace shi ne aljihun leda na folifirofilin ko foliyesta, kowane kati shi kaɗai, a jera su a tsaye cikin kwali marar asid. Laimar Jidda tana kawo fumfuna da jajayen ɗigo, zafin Makka kuma yana busar da takarda har ta riƙa karyewa, saboda haka a guji ɗakin saman bene da kabad ɗin da ke jingine da bangon banɗaki, a zaɓi ɗakin ciki wanda sanyinsa ba ya yawan sauyawa, nesa da inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigar da ruwa. Katin da aka rataye a majalisi inda rana ke bugunsa zai koɗe, shi ya sa ya fi kyau a rataye kwafinsa a ɓoye na asalin.

Idan kati ya riga ya yi tabo, a bar shi yadda yake, kada a sa masa ruwa ko sinadarin wanki, kada a guge shi da dutsen guga, kada kuma a datse gefensa da almakashi don ya yi kyau. Ba a ɓare kan sarki, domin kati da kan sarkinsa da hatiminsa sun fi daraja a haɗe. Bayanin inda aka saya da kuɗin da aka biya a rubuta shi a wata takarda daban a saka a bayan aljihun, ba a jikin katin da biro ba.